Injin Jirgin Ruwa a Tsakar Gidan Absar

A layinmu na Halishahar, idan ka ce ka taɓa ganin kifi mai tsawon hannu, Nurul Absar zai ce maka shi ya taɓa cin wanda ya kai kwalekwale, kuma da hannunsa ya kamo shi. Ba mugun mutum ba ne, bakinsa ne kawai ya fi hannunsa sauri. Ya ƙare ƙuruciyarsa a ofishin wani kamfanin jiragen ruwa yana buga hatimi a takardu, jirgin da ya taɓa shiga bai wuce na ƙetare kogi ba, amma tun da ya yi ritaya duk hirarsa a teburin shayin Didar ba ta wuce "mu mutanen teku".

Abu ɗaya ne ya daɗe yana ci masa rai. Kowace shekara ana yin mezban na tunawa da mahaifinsu: a yanka sa, a dafa, a wangale ƙofa, duk wanda ya zo ya shigo ya ci, ba mai tambayar wa ya gayyace shi. Kuma kowace shekara a gidan wansa Badiul ake yi, inda tsohuwarsu take zaune. Absar ya yi naci, ya yi fushi, ya aika ƴan rarrashi, har bana tsohuwar, wadda suke kira Ammajan, ta gaji da shi.

"Na ba ka bana," ta ce, tana naɗe ganyen pan ɗin da take taunawa. "In ka fita kunya, ku riƙa karɓa-karɓa da wanka. In ka ba ubanku kunya, kada ka sake tayar mini da maganar."

"Ammajan, mezban ɗin da zan yi, har Dhaka sai an ji labarinsa."

"Ni dai mutane su ci su ƙoshi."

Da lokaci ya matso, matarsa Roshan Ara ta tura shi Bhatiari, inda ake sayar da kayan jiragen da aka farfasa, ya sayo kujeru da manyan farantai masu sauƙi. Da la'asar sai ga shi ya dawo yana tafe gaban amalanke, ƙirji a waje, ƙarti suna turo wani koren akwatin ƙarfe da ya kai firjin masu ƙanƙara girma. Tayoyinsa sun mutu, tsatsa ta ci gindinsa, ga rubutu a jikinsa wanda ba na Bangla ba ne, ba kuma na Turanci ba.

Roshan Ara ta leƙa bayan amalanken, ta sake leƙawa.

"Baban Tuli, ina kujerun?"

"Kujera kowa yana da ita. Wannan injin walda ne. Daga cikin jirgin da ya zaga duniya aka ciro shi."

"Baƙin a kansa za su zauna?"

"Ke ba ki san komai ba. Mutumin da ya yi ritaya yana bukatar abin da zai riƙa motsa hannu. Kafin mezban zan ƙera mana kujerun da kaina, da rumfa, da murhun tukwane. Bodda, babban wana, zai shigo ya rasa gidan wa ya zo."

"Ka taɓa yin walda?"

"Na sa hannu a takardun masu walda da ba su ƙirguwa."

Wajen shigar da injin ne aka fara. Absar ya tsaya yana ba da umarni, ku yi hagu, ku yi dama, ƙartin suka bi maganarsa sak, injin ya tafi ya daki ƙyauren ƙofar gida. Hinjin sama ya ce ƙas, ƙyauren hagu ya sunkuyo ya kafa baki a ƙasa. Ita ce kuma ƙofa ɗaya tilo ta gidan, domin bayansa kududdufi ne, katangar kuma an jera mata fasassun kwalabe.

"Ma sha Allah," in ji Absar. "Kin gani? Ko sauke shi ba a yi ba ya samo wa kansa aiki."

Washegari ya zauna haɗa wuta. Kan wayar injin wani ƙaton abu ne mai haƙora da yawa, babu soket ɗin da zai shiga a duk Halishahar, don haka ya yanke shi da wuƙar kifi. A ciki ya tarar da wayoyi sun fi na gidansa yawa. Ya dube su, ya zaɓi biyu da launinsu ya fi kwanta masa, ya lanƙwashe sauran ya ce na ado ne. Yana kunnawa fis ya ƙone. Ya sa wani, ya ƙone. Sai ya ce fis ɗin ƙasar nan ragwaye ne, ya cusa wata murtukekiyar wayar tagulla a gurbinsa.

Wannan karon injin ya amsa. Ya yi wani gurnani da ya sa kajin maƙwabta suka watse, fankokin layin gaba ɗaya suka koma juyawa da ƙyar, ƙwayayen wuta suka yi ja. A teburin Didar kuwa ana tsakiyar kallon wasan kurket, ɗan wasanmu ya ɗaga sanda ke nan, hoton talabijin ya tsuke ya ɓace. Ba a jima ba masu shayi suka cika ƙofar gidan, Didar a gaba da matatar shayi a hannu.

"Absar Bhai, me ka jona? Wutar unguwa duk ta taho gidanka."

"Wuta ta san inda ake bukatarta."

"Mu ma muna bukatarta. An buga ƙwallo ba mu ga inda ta faɗa ba."

"Ta faɗa inda ta saba. Ku matso ku ga abin da ya fi kurket."

Suka matso, domin mutanen layinmu ba sa ƙin kallo. Mai sayar da injin ya gaya masa cewa waya ɗaya mai baki kamar almakashi, a jikin ƙarfe ake maƙala ta. Absar ya duba tsakar gida, ya ga babu ƙarfen da ya kai bututun ruwa kyau, ya maƙala ta a nan. Bai tuna cewa bututun ya ratsa katanga ya shiga banɗakin maƙwabcinsa ba.

Shopon Barua dattijo ne da ba a taɓa jin muryarsa sama da ta agogo ba. Ya shigo da tawul a ƙugu, kumfa a kunne ɗaya, gashin kansa a tsaye.

"Absar Saheb, famfona ya cije ni."

"Barua Saheb, famfo ba ya cizo."

"Nawa ya fara yau."

"Ai ƙarfin injin ke nan. A jirgi ma'aikata har layi suke yi, yana maganin sanyin ƙashi."

"Na gode. Ni da sanyin ƙashina mun saba, ka bar mini abina."

Aka cire wayar daga bututu. Absar ya ce dama gwaji yake yi.

Injin ya zo da garkuwar fuska mai baƙin gilashi. Da Absar ya kara ta a fuska sai ya ga duhu kawai, abin da ya fi damunsa kuma, ƴan kallo ba sa ganin wanda yake aikin. Ya ajiye ta, ya ɗauko tabaran rana da ya sayo a bakin teku shekarun baya. Don ya wanke laifin kurket, ya ce a kawo bencin Didar mai rawar ƙafa, kyauta zai gyara. Tsinken waldar farko ya manne da ƙarfen, ya ja, bencin ya biyo shi. Na biyu ya huda ƙafar. A na uku tartsatsi ya faɗa masa cikin lungi, zanen da ya ɗaura a ƙugu, ya yi wata rawa da ba a koyar da ita a ko'ina, sannan ya ce motsa jini yake yi. Haka ya wuni, haske yana walƙiya a kan tabaransa, yana yi wa mutane bayanin yadda ake yi a Singafo.

Da yamma aka mayar da benci. Mutum uku suka zauna da kofunansu, ƙafafun suka baje a hankali kamar raƙumi zai durƙusa, shayi ya ƙare a cinyoyinsu.

"Waldar jirgi ce," in ji Absar. "An yi ta ne ta riƙa bin igiyar ruwa. Ku ne kuka zauna a sandare."

Ana jibi mezban Badiul ya zo duba shiri. Ya dubi ƙyauren da ya sunkuya, ya dubi injin, ya dubi tulin ƙarafan da aka ce kujeru ne. Shi ya aiko da tabarmi da farantai daga baya.

"Absar, ƙofar nan rabi take buɗewa. Bari in turo mai walda gobe ya ɗaga ta."

"Bodda, mai walda a gidan mai walda?"

"Mutane da yawa za su zo. Ammajan ma da wuri take son zuwa."

"Ka shekara nawa kana yin naka, na taɓa turo maka mai gyara? Ka zo jibi a matsayin baƙo, ka ci, ka yi hamdala."

Badiul ya ɗaga kafaɗa ya tafi.

Gari na wayewa Absar ya kasa buɗe ido. Sun kumbura sun yi jawur, ji yake kamar an zuba masa yashi a ciki, ruwa kuwa sai zuba yake ba tsayawa. Roshan Ara ta kwantar da shi, ta yanka dankali ta ɗora masa a kowane ido.

"Wannan ma na jirgi ne?" ta tambaya.

"Duk babban mai walda sai ya bi ta nan. Ido ne yake sabawa."

"To ya saba a kwance. Ka bari Bodda ya turo mutumin nan, don Allah. Ba don ni ba, don Ammajan."

"In na bari, har in mutu za a ce wansa ne ya buɗe masa ƙofa."

Ta san a nan gaskiyarsa ya faɗa. Ta canza masa dankalin ta koma bakin aikinta.

Ranar mezban tun da sassafe gidan ya kacame. An yanka sa, mai dafuwa da mutanensa sun jera manyan tukwane a tsakar gida, ƙamshin nama da yaji da man mastad ya haura katanga ya bi layi. Mata suna ciki suna fama da shinkafa, da miyar wake da ƙashi. Ba wanda ya lura da maigida lokacin da ya lallaɓo yana laluben bango, tabarau a kan kumburarrun idanu, ya jawo wayoyinsa zuwa bakin ƙofa.

Ya tura ƙyauren biyu ya haɗa su don su daidaita, ya tokare na hagu da bulo, ya zura sakata. Ya ɗana wa hinjin da ya karye walda. Da ya ga abin ya yi masa daɗi, ya bi sauran hinjinan da lafiyarsu ƙalau ya ƙara musu ƙarfi, wato ya cinye rabin kowanne. Ya ja da baya yana share hawaye, sai ya hango wata doguwar tsaga a tsakiyar ƙofar, tun daga sama har ƙasa, haske yana shigowa ta ciki.

"Ka ga aikin ƙartin nan," ya ce. "Sun tsaga mini ƙofa ba su faɗa ba."

Allah da ikonsa, a kan wannan tsagar ce hannunsa ya faɗa daidai. Tsinke bai manne ba, ƙarfe bai huje ba. Ya bi ta a nutse daga sama har ƙasa, ɗinki mai kyau, irin wanda bai taɓa yi ba kuma bai sake yi ba. Ya je ya yi wanka, ya sa farar riga da sabon lungi, ya fesa turare.

Ana sallame azahar jama'a suka ɗungumo daga masallaci, ga masu keken haya, ga ƴan kasuwar kifi, ga waɗanda ƙamshi kawai ya jawo. Suka tarar da ƙofa a rufe. Didar ya ƙwanƙwasa.

"Absar Bhai, buɗe mana, ƙamshin nan zai kashe mu a tsaye."

"Ga ni nan. Ku shirya ganin ƙofa."

Ya zare sakata ya ja. Shiru. Ya sa ƙafa a bango ya ja. Ko motsi.

"Ku tura daga nan."

"Mun tura."

"To ku ja."

"Babu abin kamawa. Me ka yi mata?"

"Sabon gyara ne, sai ta huce."

Roshan Ara ta fito da ludayi a hannu, ta dubi ƙofar sau ɗaya, ta dafe kai.

"Baban Tuli, ina tsakiyar ƙofar?"

"Wace tsakiya? Tsaga ce, na toshe ta."

"Ta nan take buɗewa. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan ta nan take buɗewa."

A garinmu gara a ce ba ka yi mezban ba da a ce ka yi ka rufe ƙofa. Kafin ka ce me, magana ta fara yawo a waje. Wani ya ce sai mai katin gayyata. Wani ya ce ai akuya aka yanka, ana jira a rage mutane. Wani tsoho ya ce shi ya ci mezban ɗin uban gidan nan tun yana da haƙora, bai taɓa tsayawa a rana ba. Absar yana jin su duka ta cikin ƙarfe, yana dukan waldarsa da guduma, ita kuwa ko gezau.

Sai hayaniyar ta lafa, ya ji ƙararrawar keke, sannan muryar wansa.

"Absar, Ammajan ce a waje."

Gumi ya keto masa. Didar ya ruga ya ɗauko benci, ya tuna, ya mayar, ya kawo kujerar roba. Tsohuwar ta zauna a tsakiyar layi, a rana, Barua yana riƙe mata laima, jama'a sun zagaye ta.

"Ammajan, minti kaɗan," in ji Absar. "Injin da ya liƙe, shi zai yanke. A jirgi haka muke yi."

Ya murɗa abin ƙara wuta har ƙarshe, ya kafa tsinke a jikin ƙofa. Injin ya yi kuka, wayoyi suka fara warin ƙona, can bakin layi taransfoma ta yi wata ƙara da ta tashi hankakin unguwa gaba ɗaya. Wuta ta ɗauke daga nan har bakin titi. Koren akwatin ya saki baƙin hayaƙi ya yi shiru, daga zagayen duniya ya zo ya mutu a gaban tukunyar nama.

Jin ƙarar, mutanen waje suka yo kan ƙofa, kowa yana son ya leƙa ya ga ko maigida yana da rai. Na baya suka danno na gaba. Waldar tsakiya ta riƙe amana, amma hinjinan da aka ƙara wa ƙarfi suka saki a tare. Ƙofar ta taho ciki gaba ɗayanta kamar faifai. Absar ya yi tsalle gefe ya tsira, sai dai gefen sabon lunginsa bai tsira ba, ƙarfen ya danne shi a ƙasa. Ya ja, ya ji kullin yana kwancewa, ya yi maza ya tsuguna ya riƙe da hannu biyu.

Mai jin yunwa kuwa ba ya jiran a ɗaga ƙofa. Jama'a suka bi ta kanta suka shiga, kowa ya taka sai ta ƙara danne lungin. Haka mai masauki ya karɓi baƙinsa a tsugune, suna yi masa sallama daga sama yana amsawa daga ƙasa.

"Kun dai ga tsakiyar ba ta saki ba," yake ce wa duk wanda ya tsaya. "Ku duba ɗinkin."

Ammajan ce ta shigo a ƙarshe, tana dafe da hannun Badiul. Ta tsaya a kansa. Ta sa aka ɗaga ƙarfen ya zare lunginsa, ya miƙe yana kakkaɓe ƙura. Ba ta ɗaga murya ba, shi da wansa da matarsa kaɗai suka ji.

"Akwai shekarar da ubanku ba shi da abin yanka sai kaji, ya dafa su, ya tsaya a bakin ƙofa da kansa yana kiran masu wucewa. Bai taɓa barin mutum a rana ba. Kai kana da sa guda, ka bar uwarka a titi." Ta gyara mayafinta. "Baɗi a gidan wanka za a yi. Da baɗin baɗaɗa."

Absar ya buɗe baki. Duk layinmu mun san ba a taɓa rufe magana bai ɗora tasa a kai ba. Wannan karon sai ya rufe bakin, Badiul ya sunkuyar da kai ya wuce da tsohuwar ciki.

Naman ya yi daɗi, kowa ya faɗa, har aka ce an daɗe ba a ci irinsa ba. Absar ya tsaya a gefen ƙofarsa da ke kwance, ya cire tabarau, ruwa yana bin kumatunsa yana ɗiga a farar rigar. Didar ya zo wucewa da faranti a hannu, da tsokana a bakinsa, sai ya dubi fuskar ya tsaya.

"Bhabi, lafiya kuwa?" ya tambayi uwargidan.

"Hasken walda ne," in ji Roshan Ara. "Tun jiya idon yake zuba."

Ta san ba shi ba ne, Didar ma ya sani. Ya haɗiye tsokanar tasa, ya gyaɗa kai.

"Haka ne, walda tana yin haka," ya ce. Ya miƙa wa Absar farantin da ke hannunsa, ya koma ya bi layi don karɓar wani.